Malam Ɗalha, Wanda Ya Gyara Gida Daga Zaure

Kullum bayan sallar asuba, kafin masu koko su gama jera ƙorai, Malam Ɗalha kan buɗe shagonsa da ke bayan tasha a Kankia. Ba kwamfuta yake fara taɓawa ba. Tsintsiya yake fara ɗauka, ya share har gaban shagon maƙwabcinsa, sannan ya zauna kan benci ya buɗe tsohuwar jakarsa ta fata. Sai ya duba kayan aiki ɗaya bayan ɗaya: filayar matse kan waya, ƙaramin abin gwaji mai fitilu, tocila, da baƙin alƙalamin da yake rubuta wa kowace waya sunanta. In ya ga komai na nan, ya sha kokonsa a tsaye, ya ɗaura naɗin waya a bayan babur, ya kama hanya. Yau Rimaye, gobe Bauranya, jibi cikin garin Kusada.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan fita. Ya fara ne da hawa turakun wayar tarho a zamanin da tarho ke girke a kan tebur. Da wannan zamani ya shuɗe, abokan aikinsa suka watse, wasu gona wasu kasuwa. Shi kuwa ya koma ɗalibi da furfura a gemu, ya koyi yadda ake haɗa kwamfutoci su yi magana da juna. Akwai ɗakin shan magani a ƙauye da ya ja wa layi ana tsakiyar damina, babur a kafaɗar mutane wajen ƙetare rafi. Akwai ɗakin jarrabawa da ya yini a cikin rufinsa ranar da zafi ya hana kowa sakat. Ranar buɗe waɗannan wurare an yanka ƙyalle, an yi jawabi, an ɗauki hoto. Ka duba hotunan nan duka, ba za ka ga Malam Ɗalha ba, yana bayan gini yana naɗe ragowar waya. Mu haka muke: mai almakashi muke tafa wa, mai filaya ko sannu ba ya samu.

A wannan watan ya ajiye aiki. A cikin kowace wayar sadarwa akwai siraran wayoyi takwas, kowacce da launinta, kuma in aka saɓa jerinsu babu abin da zai wuce. A daminar bara ya ɗaga wata waya saitin rana, ya duba, ya sake dubawa, ya kasa bambance ruwan goro da ruwan ƙasa. Likita ya ce ganin zai ci gaba da raguwa. Bai jira ya ɓata wa wani aiki ba, shi da kansa ya ce ya isa.

Ayyukansa suna da yawa, amma ɗaya ne ya dace a faɗa dalla-dalla, domin a cikinsa ne mutum zai gane ko wane ne shi.

Shekara uku da suka wuce, Alhaji Babba na Kusada ya aiko a kira shi. Alhaji Babba shi ne babba a gidansu, gidan gado mai sassa huɗu. Ƙanensa Abdullatif, mai ɗaukar bidiyo, ya rasu a hatsarin mota wata biyu kafin nan, ya bar mata ɗaya, Zuliha, da 'ya'ya uku. Shagon marigayin yana manne da zaure, kuma a nan ne intanet ɗin gidan yake, da sola, da wani baƙin akwati da yake tara dukan bidiyonsa a ciki, wanda 'yan gidan ke kira rumbu. Kwana uku ke nan komai ya tsaya cik.

Malam Ɗalha ya yi sallama, ya yi gaisuwar rashi, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Kafin ya buɗe jaka Alhaji Babba ya ɗaga hannu.

"Malam, kahin ka hwara. Akwai mai takaba cikin gidan nan. Namijin da ba ɗan gida ba, iyakarshi zaure."

"Na ji, Alhaji. Ko ba ka hwaɗa ba, nan zan tsaya."

A nan ne ya ji abin da ke ƙasa. Abdullatif ya yi shekara biyu yana ɗaukar rayuwar matan Fulani masu tallan nono a Kaikai, aikin da wata ƙungiya ta ba shi. Ɗauka ya gama, haɗawa ce ta rage, kuma saura mako uku a miƙa. Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne, duk bidiyon da ya taɓa fita da sunan Abdullatif, Zuliha ce ke yanka shi ta haɗa a kwamfutar da ke ɗakinta. Dangi sun riga sun zauna sun yanke cewa in ta fita takaba za ta koma gidan iyayenta, yara kuma su zauna hannun baffansu, tunda ba ta da abin riƙe su. Ita kuwa ta aiko da roƙo ɗaya: in ta gama aikin nan, ƙungiyar ta ɗauke ta a gurbin mijinta, a bar ta a ɗakinta da 'ya'yanta. Alhaji Babba ya amince. Ba mugu ba ne, ya dai amince ne irin amincewar wanda bai zaci abin zai yiwu ba.

Malam Ɗalha ya shiga shagon. A jikin bango akwai ƙaramin akwati mai ƙofofi a jere, inda duk wayoyin gidan ke haɗuwa. Masu sana'ar suna kiransa suwic, aikinsa shi ne karɓar saƙo daga wannan waya ya miƙa wa waccan. Fitilunsa duka suna ƙyaftawa tare kamar waɗanda aka tsorata. Ya bi wayoyin da yatsa. Ɗaya ta shiga sashen Alhaji. Ɗaya ta shiga ɗakin Zuliha. Uku sun haura katanga zuwa gidajen maƙwabta, domin marigayi bai iya cewa a'a ba, kuma a unguwar ana roƙon layi ne yadda ake zuwa ɗiban garwashi. Sai ya zo kan wata gajeruwar waya da ta fito daga wata ƙofar akwatin, ta yi lanƙwasa, ta koma cikin wata ƙofar ta akwatin dai. Duk saƙon da ya shiga cikinta sai ya yi ta zagaye yana ninkuwa, har ya cushe hanyar kowa. Ya zare kai ɗaya. Nan take fitilun suka natsu.

"Wa ya yi wagga ɓarna?" in ji Alhaji Babba.

Malam Ɗalha ya lura da wata tsohuwa tsaye a bakin ƙofar ciki, riƙe da tsintsiya. Inna Kulu ce, mahaifiyar Alhaji da marigayin. Ya ga yadda ta kafa wa wayar ido.

"Waya ce ta koma gida, Alhaji. Shina hwaruwa."

Amma tsohuwar ba ta karɓi rufin asirin ba. Ta matso a hankali.

"Ni ce, ɗan nan. Kullum da sahe ni ka share mishi shago. Na iske ta yashe ƙasa, na ga rami ba kowa, na maida ta. Ba ni son ganin kayan Abdullatif a ƙasa."

Alhaji Babba ya kawar da kai. Wani ma'aikacin da sai ya ce a kulle shagon, a hana tsohuwa shiga, kuma ba wanda zai ce bai yi daidai ba. Malam Ɗalha ya daɗe yana kallon tsintsiyar nan. Ya san ba shara take yi ba, ɗanta take ziyarta.

"Inna, ki ci gaba da shararki," ya ce. "Laihin ba naki ba ne. Akwatin ne kurma."

Haka yake raba su. Akwai suwic kurma, wanda ba ya jin umarni: abin da aka zuba masa shi yake turawa, bai san babba ba bai san yaro ba, bai san aiki ba bai san wasa ba. Akwai kuma mai jin magana, wanda ake shiga cikinsa ta kwamfuta a ce masa ga wanda zai fara wucewa, ga iyakar rabon wane, ga ƙofar da za a rufe. Na gidan kurma ne, kuma tsoho. Gudunsa giga ɗaya ne a ma'aunin saurin saƙo, shi ma in hanya ba cunkoso. Inna Kulu ta shiga ciki ta dawo da saƙon Zuliha: tun kafin tsayawar nan, in ta jawo bidiyo daga rumbu sai ya yi ta ciccijewa, aikin awa ɗaya ya cinye yini. A wannan tafiyar, ko wata biyu ba za su ishe ta ba. Rumbun kuma ba ya ɗaukuwa zuwa ɗakinta, domin wutar sola da sanyin da yake buƙata duk a shago suke.

Washegari Alhaji Babba ya zo da nasa zaɓin. Ya ga wani suwic a wayarsa ta hannu, dogo kamar akwatin rediyo, mai ƙofa ashirin da huɗu da fanka biyu.

"Wanga za a saye. Dibi yawan bakunanshi. Kowa a unguwa sai ya samu."

"Alhaji, wanga ma kurma ne, girma kawai ya hi naku. Hwankarshi kuma za ta shanye muku batir kahin la'asar."

"To mi kake so?"

"Ƙarami nake so, mai ƙohwa goma. Takwas masu gudun giga biyu da rabi, biyu na ƙarshe masu giga goma. Marigayi ya riga ya sayi rumbu da kwamhyuta masu iya wanga gudu, akwatin ne bai kai ga canzawa ba. Ba shi da hwanka, jikinshi na ƙarhe ne, shi ka sanyaya kanshi. Kuma dole mai jin magana."

"Don mi dole?"

Malam Ɗalha ya dubi ƙofar da ta raba zaure da cikin gida.

"Don ka ce iyakata nan, Alhaji. In abu ya lalace a ɗakinta, ba ni shiga in gani. Mai jin magana shi zai gaya mini daga inda nake zaune."

Alhaji Babba ya gyaɗa kai. Bai zaci za a ɗauki maganarsa da wannan nauyin ba.

Da akwatin ya iso daga Kano, sai wata sabuwa ta taso. Alhaji ya ga lambobi a kan ƙofofin, ɗaya zuwa goma, ya ce ta ɗaya tasa ce, tunda shi ne babba. Wanda ya san gidajenmu ba zai yi dariya ba. A gidan da ake fara miƙa wa babba ƙwarya, ba a tsallake shi a rabon komai, ko da ramin waya ne. Malam Ɗalha ya ɗauki alƙalami ya rubuta "Alhaji" a kan wayar farko, ya soka ta a ƙofa ta ɗaya. Zai iya yin shiru daga nan, domin lambar ba ta ƙara gudu ba ta ragewa, Alhaji kuma ba zai taɓa sani ba. Amma bai iya cin amana ba, ko da ta alheri ce. Ya jira sauran mutane suka fita, sannan ya rage murya.

"Alhaji, lamba ta ɗaya taka ce. Amma gaskiya ita ce, gudun shina ƙohwa ta ƙarshe, kuma mai takaba zan ba. In hanya ta cika, ita za ta hwara wucewa, kai ka bi baya, har ta gama. In ba ka yarda ba, ka hwaɗa mini yanzu."

Alhaji Babba ya daɗe yana murza carbi.

"Ɗiyan ƙanena ne," ya ce daga ƙarshe. "Yi abin da ka gani."

Maƙwabta ma bai yanke kowa ba. Ya ware su gefe guda yadda ba za su ga abin da ke cikin rumbu ba, ya yanka wa kowane gida rabonsa, daidai kallon wa'azi da gaisawa da 'yan uwa. Ba wanda aka kunyata, ba wanda ya ji an rufe masa ƙofa bayan rasuwar mai ba shi.

Saura jan sabuwar waya zuwa ɗakin Zuliha, domin tsohuwar wayar ba za ta ɗauki giga goma ba. Ya kankare bakinta da wuƙa ya nuna wa Alhaji: fari ne a ciki, an shafa masa jan ƙarfe a sama kawai. Ya auna nisan ta bayan katanga da taku, ya yanke sabuwa mai jan ƙarfe na gaske, ya matse kawunanta biyu a zaure, ya miƙa wa Inna Kulu kai ɗaya. Tsohuwar da ta tsayar da gidan da waya, ita ce ta ja waya ta tayar da shi. Tana ja, yana saki, yana faɗa mata ta bi gindin bango kada ta lanƙwasa ta da ƙarfi. Can ta dawo tana haki. Ya riga ya gaya mata cewa in wayar ta kama, ƙaramin haske kore zai kunnu a inda Zuliha ta soka ta.

"Koren na ci, Inna?"

"Ta ce shina ci."

"Ki ce ta jawo bidiyo mahi nauyi."

Inna ta tafi, ba ta jima ba ta dawo.

"Ta ce... ta ce ga shi nan shina tahiya kamar Abdullatif na gida."

Kai ne, Malam Ɗalha, ka sunkuyar da kai a wannan lokacin kana gyara jakar da ba abin da ya same ta. Waɗanda ke zauren sun gani. Kai ne ka yi mako uku kana zuwa Kusada duk bayan kwana biyu ba tare da an kira ka ba, ka zauna kan tabarma ɗaya, ka buɗe kwamfutarka, ka duba lafiyar ƙofa ta goma, ka rufe ka tafi. Ba ka nemi lambar wayarta ba. Ba ka taɓa ɗaga murya don ta ji ka ta bayan bango ba. Tambayarka ɗaya ce kullum, kuma ta bakin Inna take shiga ta fito.

Ranar miƙa aiki ta faɗo Juma'a, wa'adi ƙarfe biyar na yamma. Aka sauko daga masallaci, Malam Ɗalha ya wuce zauren kai tsaye. Zuliha ta fara tura bidiyon, abu mai nauyi da zai ɗauki awa biyu in komai ya tafi daidai. Ana tsaka da haka, wajen la'asar, fitilar ƙofa ta shida ta mutu. A gidan wani maƙwabci an taru kallon ƙwallo, wani ya ga waya a ƙasa, ya yi irin abin da Inna ta yi. Da kurman nan ne, da gidan gaba ɗaya ya tsaya, da aikin ya katse a tsakiya ba lokacin sakewa. Sabon akwatin kuwa ya ga zagayen, ya rufe wannan ƙofa ita kaɗai, sauran suka ci gaba da tafiya. Malam Ɗalha ya gani a kwamfutarsa, ya aika aka gaya wa maƙwabcin wayar da zai zare, bai ko tashi daga tabarma ba.

Biyar saura kwata Inna Kulu ta fito. Ta zauna a dokin ƙofa ta rufe fuska da gefen mayafi. Alhaji Babba ya miƙe tsaye.

"Inna, lahiya?"

"Aikin ya tahi. Sun ce sun gani."

Malam Ɗalha ya ce alhamdu lillahi, ya rufe kwamfuta, ya yi sallama ya hau babur, domin yana so magariba ta same shi a Kankia. Bayan wata guda ƙungiyar ta ɗauki Zuliha aiki. Da ta fita takaba ba wanda ya sake tayar da maganar komawa gidan iyayenta, Alhaji Babba da kansa ya rufe ta. Akwatin kuma bai sake neman kowa ba, shi ya sa Malam Ɗalha bai sake komawa gidan ba. Haka aikin kirki yake yi wa mai shi, sai ya sa a manta da shi.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa 'yar walima a gaban shagonsa. Ba kanofi, ba lasifika, benci huɗu ne da tabarmi. Ana cikin addu'a wata mota ta tsaya, Inna Kulu ta fito tana dogara sanda, bayanta wata mata da yara uku. Matar ta tsaya tana duban dattawan da ke jere, ba ta san wanne ne ba. Sai da ya amsa sallamar Inna ta juyo, domin muryar ta sani, ta sha jin sallamarsa daga nesa. Ta durƙusa a gabansa. Shi kuma ya ɗago ido, amma idon da ya ƙi kallon cikin gidan nan shekara uku da suka wuce, yau ko an ba shi izini ba ya iya rarrabe fuska.

"Wace ce?" ya tambaya.

"Baba, ni ce ƙohwa ta goma."

Ya juyo da fuska wajen muryar. Sannan ya yi tambayar da ya saba.

"Koren na ci?"

"Shina ci, Baba. Ga ɗiyan nan kuma, duk ukun, hannuna suke."

Ya miƙa hannu, yaran suka matso ɗaya bayan ɗaya, ya dafa kan kowanne yana tambayar sunansa. Ba a ƙarasa jawabin da aka shirya ba, ba kuma wanda ya nemi a ƙarasa.

Malam Ɗalha, ɗan Rimaye, mai alƙalami da filaya, mun gode. Kai ne ka nuna mana cewa zaɓen ƙaramin akwati ma yana buƙatar sanin mutane: wa ke da nauyi a kansa, wa za a girmama, wa ba za a kunyata ba, ina ne iyakar ƙafarka. Masu tasowa a wannan sana'a, kafin ku tambayi ƙofa nawa ne da shi ko giga nawa yake gudu, ku zauna a zaure tukuna ku ji halin da gidan ke ciki. Sauranmu kuma, duk wanda ya san wani ya taɓa ja masa waya, ko ya gyara masa wani abu ya tafi shiru, ya neme shi ya gode masa tun idonsa na iya gane mai godiyar.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya haskaka maka abin da ya rage na gani, Ya sa aikinka ya tarye ka da alheri. A Kusada akwai ɗakin da uwa ke tashin 'ya'yanta uku sallar asuba, kuma har yau ba ka san launin ƙofarsa ba.